Yadda Ake Auna Taku da Agogon Gudu

Yawancin masu ɗaura agogon motsa jiki a garin nan abu biyu suke dubawa in sun gama gudu: kilomita nawa suka ci, da kitse nawa agogon ya ce sun ƙona. Sai a ɗauki hoton fuskar agogon a ɗora a sitatus, shi ke nan. Alhali a cikin manhajar da ke wayarsu akwai wasu lambobi kwance da ba su taɓa buɗewa ba, kuma su ne ke faɗin yadda mutum yake yin gudun. Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare a cikin Katsina. Bayan sallar asuba nakan fita da wani ayari mai haɗe-haɗe: samari masu shirin gwajin shiga soja ko ɗan sanda, 'yan ƙwallon unguwa, da wasu dattawa da likita ya tsoratar da maganar hawan jini da suga. Yadda nake koya musu karanta lambobin nan shi zan shimfiɗa maka.

Agogo ba ya ganin ƙafarka

Ka fara riƙe wannan, domin duk sauran maganar a kansa ta hau. A cikin agogon akwai wata 'yar na'ura mai jin girgiza, wasu kuma an ƙara musu mai jin juyi. Abin da suke ji shi ne lilon hannunka da dukan da ke ratsa jiki duk lokacin da ƙafa ta sauka. Daga nan sai agogon ya yi lissafi. Yawan taku a minti yana samun sa kusan daidai, domin hannu da ƙafa tare suke tafiya. Amma tsawon lokacin da ƙafa ta yi a ƙasa, ko yawan tashin jiki sama, in daga wuyan hannu aka ɗauko su, kirdado ne mai kyau kawai.

Shi ya sa wurin da aka ɗaura na'ura yake da tasiri. Ɗamarar ƙirji, irin wadda Garmin ke yi, da 'yar na'urar da ake maƙalawa a bayan ƙugun wando, sun fi kusa da tsakiyar nauyin jiki, don haka sun fi iya faɗin tashin jiki da bambancin dama da hagu. Wadda ake maƙalawa a igiyar takalmi, kamar Stryd, ita ce mafi kusa da ƙafar kanta. Apple ya ƙara wa agogonsa irin waɗannan awo a 2022, wasu kamfanonin ma yanzu suna fitar da su daga hannu kaɗai. Duk waɗannan kaya ne masu tsada, ba kowa zai iya ba, kuma ban ce sai da su ba.

In za ka sayi mai sauƙin kuɗi a shagon waya, tambaya biyu za ka yi wa mai shago, kuma kada ka yarda da amsar baki, ka ce a kunna ka gani. Yana da GPS nasa, wato na'urar da ke gano wuri da nisa ta tauraron ɗan'adam, ko aron na waya yake yi? Yana nuna taku a minti lokacin da ake cikin gudu, ko sai jimillar takun yini? Wanda ke ƙirga takun yini kaɗai yana da amfaninsa ga mai tattaki, amma ba zai yi aikin da muke magana ba. Wanda kuma ba shi da agogo sam, kada ya rufe shafin nan. Da wayarka da ƙirge da baki za ka sami fiye da rabin abin da za a faɗa.

Mako biyu na farko, kada ka gyara komai

Zaɓi hanya ɗaya ka riƙe ta. Allah ya taimake mu a Katsina, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba sai ka sha wahalar neman inda babu hawa da gangara ba. Matsalarmu rairayi. Ka fito daga lungu mai yashi ka hau kwalta, ka sake sauka gefen titi don kauce wa mai babur, duk lambobin sun canza ba tare da kai ka canza ba: a cikin yashi taku yana gajarcewa, ƙafa tana daɗewa a ƙasa, zuciya tana ƙara bugu. Saboda haka hanyar awo ta zama kwalta zalla, miƙaƙƙiya, kamar kilomita 2 zuwa 3. Titunan cikin GRA suna da kyau da sassafe, haka wasu sassa na Ring Road kafin motoci su fito. Ka riƙa bin gefen da kake fuskantar abin hawa.

Ka ɗaura agogon sama da ƙashin wuyan hannu da kamar faɗin yatsa biyu, ya kama sosai har ba ya zamewa in ka girgiza hannu. Ka tsaya a fili har ya kama tauraron ɗan'adam kafin ka danna farawa. Masu dannawa daga cikin zaure sukan sami kilomitar farko a karkace, daga nan duk lissafin tsawon taku ya lalace, tunda daga nisa ake fitar da shi. Kada ka riƙe waya ko gorar ruwa a hannun da agogon yake.

Ka yi gudunka yadda ka saba, sassarfar da za ka iya magana a cikinta, sau uku ko huɗu a mako. Kada ka leƙa agogon kana cikin gudu, domin da zarar mutum ya san ana auna shi sai ya fara gudun nuna wa jama'a. In ka dawo ka buɗe littafi, na takarda nake nufi, ka rubuta rana, takalmin da ka sa, minti nawa a kilomita, taku a minti, bugun zuciya, yanayin gari, da inda ya yi maka ciwo in akwai. Layin ƙarshen nan ya fi duk sauran daraja, kuma shi ne babu agogon da zai rubuta maka.

Abu ɗaya kuma: na'ura ɗaya za ka riƙe. Tiyar wannan kasuwa ba lallai ta zo daidai da ta waccan ba, amma in da tiya ɗaya kake awo kullum za ka gane ranar da hatsinka ya ragu. Agogon abokinka na wani kamfani zai iya ba ka lamba daban a gudu ɗaya, musamman a awon tashin jiki da na ƙarfin gudu da ake rubutawa da wat, wanda kowane kamfani da irin lissafinsa. Gardamar da yara ke yi a bakin titi ta wa ya fi wa lamba mai kyau, ɓata yawu ce.

Taku a minti

Wannan ce lambar da na fi yarda da ita, kuma ita ce mutum zai iya juyawa da gangan. A agogo za ka ga an rubuta spm a gefenta. Kafin ka amince da ita ka gwada ta: kana cikin gudu, ka ƙirga sau nawa ƙafar dama ta taɓa ƙasa cikin daƙiƙa 30, ka ninka sau 4. In ka ƙirga 41, takunka 164 ke nan. In agogon ya nuna 163 ko 166, lafiya lau. In ya nuna 82, bai lalace ba, ƙafa ɗaya yake ƙirgawa, sai ka ninka biyu.

Yanzu maganar cewa sai an yi taku 180 a minti, wadda babu saurayin da ya taɓa kallon bidiyon gudu a waya bai zo mini da ita ba. Asalinta wani kocin Amurka ne, Jack Daniels, wanda ya zauna a gasar Olamfik ta 1984 yana ƙirga takun 'yan tseren dogon zango, ya ga kusan dukkansu suna yin 180 ko fiye. Gaskiya ne. Amma waɗannan zakarun duniya ne, a tsakiyar tsere, a saurin da ni da kai ba za mu riƙe na minti biyu ba. Taku yana ƙaruwa in sauri ya ƙaru, kuma dogon mutum yakan yi ƙasa da na gajere a sauri ɗaya. Masu gudun motsa jiki da yawa suna tsakanin 150 da 170. Alhaji mai shekara 55 da ke sassarfar minti 8 a kilomita, in ka tilasta masa 180, tsalle-tsalle zai yi ta yi a wuri ɗaya, ya gaji a banza.

To wa ya kamata ya taɓa takunsa? Ina duba abu uku tare. Lambar tana ƙasa da 160 a sassarfa. Ana jin ƙarar ƙafarsa fat-fat tun daga nesa. Kuma gwiwa ko ƙwauri na yawan damunsa. In ukun sun haɗu, kusan kullum mutumin yana jefa ƙafa can gaba da jikinsa, gwiwa a miƙe, sai kowane taku ya zama birki. Wanda kuwa ke yin 158 shekara da shekaru, babu ciwo, gudunsa na ci gaba, nakan ce masa ya bar abinsa yadda yake.

Dalilin da ya sa ƙarin taku ke taimakawa an auna shi. A 2011 masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun sa masu gudu sun ƙara takunsu da kashi 5 da kuma kashi 10 cikin ɗari ba tare da sun ƙara sauri ba, suka ga nauyin da gwiwa ke sha ya ragu, a kashi 10 har da na ƙugu. Ka lura da sharaɗin: ba tare da ƙara sauri ba. Nan ne kowa ke zamewa. Sauri taku ne a ninka da tsawon taku. Mai taku 160, kowanne mita 1, yana cin mita 160 a minti, wato kilomita a minti 6 da daƙiƙa 15. In ya koma 168, tsawon takun ya sauko santimita 95, saurinsa na nan inda yake. Abin da ake nema ke nan: taku ƙanana, masu yawa, ƙafa na sauka kusa da ƙarƙashin jiki.

Ga yadda za ka yi. Ɗauki lambarka ta mako biyun nan ka ƙara kashi 5 kacal. Mai 156 ya nufi 164. Saukar da manhajar metronom, wadda ke buga ƙyas-ƙyas daidai adadin da ka sa mata, kyauta ake samun ta. Wasu agogon suna da ita a ciki, har da girgiza a hannu. In da abin kunne za ka saurara, kunne ɗaya kawai, ɗayan na masu Keke Napep ne. Bayan ka ɗumama jiki minti 10, ka bi bugun na minti 1, ka saki na minti 2, ka maimaita sau biyar ko shida. Mako mai zuwa minti 2 da minti 2. A hankali har ka riƙe minti 10 a jere, sannan ka fara kashe sautin kana duba ko jiki ya riƙe da kansa. Ka ba abin wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi.

In ƙafa ta ƙi bin bugun, bar ta, koma kan hannu. Lanƙwasa gwiwar hannu, ka gajarta lilon, ka sa shi ya bi sautin. Ƙafa za ta biyo. Wannan dabarar ta fi yi wa dattawa aiki fiye da duk wani bayani.

A makonnin farko za ka ji kamar kana gudun yara, sha-raɓa za ta ɗan yi tsami, bugun zuciya ma zai iya hawa kaɗan. Duk ba komai. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ciwo mai tsini a agara ko a ƙashin saman ƙafa. In ya zo, ka koma takunka na da, ka huta.

Samarin da ke shirin gwajin soja su kan ce, “Malam, mu sauri muke nema, ba lallaɓa gwiwa ba.” Lissafin ɗaya ne. Taku 175 mai tsawon mita 1.25 zai ba ka kilomita a kusan minti 4 da daƙiƙa 34. Tsawon nan kuwa daga bayan jiki yake zuwa, daga ƙarfin da ƙugu da cinya da sha-raɓa suka tura ƙasa da shi, ba daga miƙa ƙafa gaba ba. Saboda haka in kana son lambar tsawon taku ta hau, ka nemi ƙarfi: tsugunne-tashi, ɗage dunduniya a bakin dakali, gajerun gudu masu sauri na mita 80 zuwa 100 a ƙarshen atisaye. Sai ka zuba ido wata biyu ka ga tsawon takun ya ƙaru a bugun zuciya ɗaya.

Sa wani ya ɗauke ka bidiyo

Agogo zai ce maka takunka 154, amma ba zai nuna maka inda ƙafar ke sauka ba. Waya za ta nuna. Bari rana ta ɗan fito, domin ɗaukar hoto mai tafiyar hawainiya tana son haske. Mai ɗauka ya tsaya a gefe, taku shida ko bakwai daga inda za ka gifta, wayar a kwance, daidai tsayin ƙugu, kada ya bi ka da ita. Ka taho daga nesa da saurinka na kullum, ka wuce sau uku. Na farko yawanci na burga ne, na uku shi ne naka.

Tsayar da hoton daidai lokacin da takalmi ya fara taɓa ƙasa, ka dubi ƙwauri. In yana tsaye kusan sak a ƙarƙashin gwiwa, gwiwar kuma da ɗan lanƙwasa, madalla. In ya karkata, ƙafa can gaba, yatsu na kallon sama, ga birkin da muke faɗa. Sauka da dunduniya shi kaɗai ba laifi ba ne, mafi yawan masu gudun dogon zango da ita suke sauka. Kada wani ya sa ka koma gudu a kan yatsu dare ɗaya, agara ce za ta biya bashin. Sannan a ɗauke ka ta baya: ka duba ko ƙugu na faɗawa gefe ɗaya, ko gwiwa na shigewa ciki, ko ƙafafu na haɗuwa a layi ɗaya.

In wayar na ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, kowane hoto kusan kashi 4 cikin dubu na daƙiƙa ne. Ƙirga hotuna daga saukar ƙafa zuwa tashinta: hoto 60 na nufin kashi 250 cikin dubu na daƙiƙa. In 120 take ɗauka, 30 ne zai ba ka hakan. Ka auna zaman ƙafa a ƙasa ke nan ba ka sayi komai ba.

Sauran lambobin

Zaman ƙafa a ƙasa shi ne mai ms a gefe, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Manyan 'yan tsere sukan sauka ƙasa da 200, mai sassarfa kuwa 250 zuwa 300 ba abin mamaki ba ne. Yana raguwa da kansa in sauri ko yawan taku ya ƙaru, don haka ba na sa kowa ya bi shi. Amfaninsa a wurina ɗaya ne, yana tona gajiya. In ka fara da 255 ka ƙare da 280 alhali saurin bai canza ba, ka ga daidai inda ƙafafunka suka fara saki, kuma nan ne tsawon gudunka ya kamata ya tsaya a yanzu.

Tashin jiki sama da santimita ake auna shi, yawanci tsakanin 6 da 13. In an raba shi da tsawon taku sai a sami kaso: santimita 9 a takun mita 1 kashi 9 ke nan. Ƙarami ya fi, amma wanda ya gyara taku zai ga wannan ya sauko ba tare da ya waiwaye shi ba. Masu ƙoƙarin danne shi da gangan sukan koma jan ƙafa. Launukan da wasu manhajoji ke shafa wa lambobin nan, ja da kore da shuɗi, suna gwada ka ne da sauran masu gudu. Ja ba ya nufin kana da cuta.

Daidaiton dama da hagu ya fi su ban sha'awa, sai dai yawanci yana buƙatar ɗamarar ƙirji ko na'urar ƙugu. Za ka ga kamar 50.4 da 49.6. Ba wanda yake 50 da 50 cif kullum, kuma bambancin da bai kai 51 da 49 ba ba na ko kallonsa. In ya wuce haka, kafin ka zargi ƙafarka ka zargi titi. Kwalta tana gangarawa wajen magudanar ruwa, wanda ke bin gefe ɗaya kullum ƙafarsa ɗaya tana ƙasa da ɗaya. Zagayen fili ma haka, tunda hagu ake ta juyawa. Sake gwadawa a wuri mai daidai, je ka dawo. In har yanzu yana nan, mako bayan mako, to akwai magana.

Akwai wani ɗan ƙwallo a ayarinmu da lambarsa ta tsaya wajen 52 da 48 ko ina aka kai shi. Na tambaye shi ko ya taɓa jin rauni, ya ce babu. Da na matsa sai ya ce, “Ai Malam tsohon targaɗe ne, tun bara, an ja mini ya warke.” Na sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya ya ɗaga dunduniya. Ta lafiyar ta yi ta yi, ɗayar ta gaza tun kafin a je ko'ina. Ciwon ya tafi, ƙarfin bai dawo ba, jiki kuma ya koyi ɗingishin da ido ba ya gani. Irin wannan ba a gyara shi da ƙoƙarin daidaita lamba ana cikin gudu. Sashen gashin ƙashi na asibiti ake zuwa, a ba ka atisayen da zai dawo da ƙarfin ƙafar, lambar ta biyo baya.

Zuciya ce alƙali, in an auna ta daidai

Yadda za ka san gyaran ya karɓe ka shi ne, bayan wata biyu, a hanya ɗaya da sauri ɗaya, bugun zuciyarka ya koma inda yake ko ya sauka, ciwon kuma ya ragu. In taku ya hau amma zuciya ta ƙi sauka har yanzu, ka yi yawa, rage.

Sai dai awon zuciya na wuyan hannu yana da halinsa. Koren hasken da ke bayan agogo yana leƙa gudanar jini ne ta cikin fata, kuma girgiza tana rikita shi. Wani lokaci sai ya saki zuciya ya kama taku: kana sassarfa cikin nutsuwa ka ga bugu ya yi tsalle zuwa 166, ka duba taku shi ma 166. Tsaya, sa yatsa a gefen wuya, ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka 4, sannan ka ƙara matse agogon. Ɗamarar ƙirji ta fi aminci domin ita wutar zuciya take ji kai tsaye, amma da hunturu tana da nata shirmen. Fata a bushe, iska a bushe, rigar roba na tara wutar gogayya, sai ta nuna maka 200 a mintunan farko kafin gumi ya fito. Jiƙa wuraren da ke taɓa fata da ruwa kafin ka ɗaura, kuma kada ka shafa mai a wurin, duk da na san da sanyin Janairu ba mai son jin haka.

Kada ka gwada lambobin hunturu da na bazara. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke kai 40 ko fiye, ko da asuba garin bai gama hucewa ba, zuciya na aiki biyu, tura jini ga ƙafa da tura shi ga fata don sanyaya jiki. Bugu zai hau a sauri ɗaya, kuma zai yi ta hawa in gudun ya yi tsawo. Ba takunka ne ya lalace ba. Haka da azumi: ƙarancin ruwa na ɗaga bugu, ƙafa na saurin saki. Ni ba na fara wa kowa gyaran taku a Ramadan. A riƙe abin da ake da shi da gajeren gudu bayan an sha ruwa ko bayan tarawihi, a ci gaba bayan sallah. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango ƙarshen layi, ka bar awo, mai asma ma ya zauna gida.

Lissafin nan na 220 a cire shekarunka don gano iyakar bugun zuciya a minti, wanda agogo da yawa ke ɗora iyakokinsu a kai, kirdado ne da kan kauce da bugu 10 ko fiye. Wanda ke shan maganin hawan jini ya tambayi likitansa, domin wasu magungunan suna rage bugun zuciya, lambar agogo ba za ta faɗi wahalar da yake sha ba. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya fi ƙarfin gudun da ake yi, a tsaya nan take, ko me agogo ya nuna.

Ga 'yan'uwa mata da ke gudu a kan injin gudu a gida ko a wurin motsa jiki: GPS ba ya aiki a ɗaki, don haka ki ɗauki sauri da nisa daga injin, ki ɗauki taku daga agogo. Injin ma ya fi titi daɗin koyon sabon taku, tunda shi ke riƙe miki saurin. Sai dai in kin riƙe ƙarfen gefe hannu ya daina lilo, ƙirgen ya tafi. Agogon ya zauna a kan fata, ƙarƙashin hannun riga, ba a samansa ba.

Taswirar da kake rabawa

Manhajojin gudu suna ajiye taswirar duk inda ka bi, da lokacin da ka fita, wasu kuma suna nuna wa kowa in ba ka hana ba. A farkon 2018 an gano cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta hanyoyin masu amfani da ita ta fito da siffar sansanonin soja a wasu ƙasashe, saboda sojoji na zagaye a ciki da agogo a hannu. Kai da ke fita daga ƙofar gidanka ƙarfe shida kullum, ka bi hanya ɗaya, a yanayin tsaron da jiharmu ke ciki, bai kamata wannan ya zama abin kallon kowa ba. Shiga saitin sirri ka mayar da gudunka na kai kaɗai, ko na mutanen da ka sani ido da ido. Kunna ɓoye farkon hanya da ƙarshenta in manhajar na da shi. In ba ta da shi, ka taka zuwa bakin babban titi kafin ka danna farawa, ka kuma kashe a can. In za ka sa hoto a sitatus, yanke taswirar, ka bar lambobin.